Gobarar Fadar Windsor: Yadda Aka Tara Kuɗin Gyaran Gidan Sarauniya

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Ingila ne, domin mu ga yadda gobara ta cinye wani sashe na tsohuwar fadar sarakunan ƙasar, da irin cacar bakin da aka yi a kan wanda zai biya kuɗin gyara, da kuma hanyar da aka bi daga bisani har kuɗin suka taru. Dattawanmu na nan Sabo waɗanda suka yi wayo tun kafin a ba da mulkin kai ba za su manta da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ba, domin a farkon shekarar 1956 ta zo Nijeriya, ta sauka Ikko, ta zo nan Badun, ta je Kaduna inda aka yi mata hawan daba, ta kuma leƙa Kano. To ita ce mai gidan da za mu yi magana a kansa.

Watakila wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mu da gidan Sarauniyar Ingila? Amsar ita ce, duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin gyaran masallaci, ko ya riƙe takardar gidauniya yana bi shago shago ana ce masa ya dawo gobe, zai ga abin da ya sani a cikin wannan labari.

Asalin fadar

Fadar Windsor tana bisa wani tudu ne a gefen Kogin Tems, mil 20 da ɗoriya yamma da birnin Landan. Wanda ya fara kafa ta shi ne Sarki William, mutumin Nomandi ta ƙasar Faransa, wanda ya ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Wajen shekarar 1070 ya sa aka tara ƙasa aka yi tudu, aka kafa sansani na katako a kai, don tsaron hanyar shiga Landan ta yamma. Bayan kimanin shekara ɗari Sarki Henry na Biyu ya soma mayar da ginin na dutse. Tun daga nan kusan duk sarkin da ya hau sai ya ƙara nasa, har fadar ta kai faɗin eka 13, da ganuwa da hasumiyoyi da majami'a da ɗaruruwan ɗakuna. Saboda martabar wurin ne ma gidan sarautar ya ajiye tsohon sunansa na Jamusanci a shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ɗauki sunan Windsor.

Abin lura a nan shi ne inda kuɗin waɗannan gine-gine suke fitowa. Sarki Edward na Uku, wanda a cikin fadar aka haife shi a 1312, ya kashe fam dubu 50 da wani abu wajen sake gina ta, kuɗin da a wancan zamani ba su da misali. Wani kaso daga ciki ganimar yaƙi ce, wato kuɗin fansar manyan Faransawa da ya kama a fagen daga. Da zamani ya juya, ikon sarki ya ragu na majalisa ya ƙaru, sai hanyar ta canza. A shekarar 1824 Sarki George na Huɗu ya nemi majalisar dokoki ta ba shi kuɗin gyara, ta amince da fam dubu 300. Maginin da ya ɗauka, Jeffry Wyatville, ya ƙara wa babbar hasumiya tsawo, ya sake fasalin ɗakuna, kafin a ankara kuɗin aiki sun zarce fam miliyan ɗaya. 'Yan majalisa sun yi gunaguni, amma dai an biya daga baitulmali. Wato da can sarki takobi yake ɗauka ya samo, daga baya ya koma miƙa wa majalisa hannu. A 1992 kuwa duka hanyoyin biyu sun toshe.

Ranar da wuta ta tashi

Ran Juma'a 20 ga watan Nuwamba 1992, da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, aka ga wuta tana ci a ƙaramar majami'ar da Sarauniya ke ibada a cikinta ita da iyalinta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wata fitilar lantarki ce mai zafi ta jingina da wani dogon labule har ya kama. Abin mamaki, ranar ce Sarauniya da mijinta Yarima Philip suka cika shekara 45 da aure.

Tsohon gini ne mai katako da yawa, ga kuma sarari tsakanin silin da rufi, da wani sararin a bayan allunan da aka lulluɓe bango da su. Ta nan wutar ta riƙa bi a ɓoye tana ɓulla can gaba, masu kashewa suna nan tana can. Ta shiga babban zauren da ake kira Zauren St George, mai tsawon ƙafa 180, inda ake yi wa shugabannin ƙasashe liyafa, ta ci rufinsa har ya rufta. Ta ci babban ɗakin karɓar baƙi, da ɗakin cin abinci na alfarma, da wani ɗakin zama mai jan ado, ta hau wata hasumiya da ake kira Brunswick ta riƙa fita ta samanta kamar murhun maƙera. 'Yan kwana-kwana fiye da 200 daga gundumomi bakwai suka taru a kanta, suka zuba ruwa galan miliyan ɗaya da rabi, amma sai da ta yi awa 15 kafin ta mutu, can tsakar daren Asabar. Da gari ya waye aka ƙirga ɗakuna 115 da wuta ta ci ko ta lalata, tara daga cikinsu manyan ɗakunan alfarma ne. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Kayan tarihi kuwa an yi sa'a biyu. Ta farko, dama ana cikin aikin sake wayoyin lantarki a wannan sashe, saboda haka an riga an kwashe yawancin kayan ɗakunan. Ta biyu, da wuta ta tashi sai ma'aikatan fada da sojojin barikin da ke kusa da 'yan kwangilar da ke aiki suka yi layi, wannan ya miƙa wa wannan, suna fid da kaya zuwa fili. Yarima Andrew, ɗan Sarauniya, yana gidan a lokacin, da shi aka yi ta jido. An fitar da agogo wajen 300, da dubban littattafai da rubuce-rubucen hannu, da zane-zanen tsoffin gwanaye. Akwai wata darduma mai nauyin tan biyu wadda fursunonin gidan yarin Agra na ƙasar Indiya suka saƙa wa Sarauniya Victoria, sai da sojoji 50 suka taru kafin su naɗe ta su fitar. Manyan abubuwan da aka rasa su ne waɗanda girmansu ya hana a ɗaga su: wani makeken hoton fenti na Sarki George na Uku bisa doki yana duba sojoji, aikin William Beechey, da wani dogon kabad na katako mai daraja da aka yi tun zamanin George na Huɗu, da kuma babban abin kiɗan majami'ar.

Wa zai biya?

Tun toka ba ta huce ba maganar kuɗi ta taso. Fadar ba ta da inshora, domin gwamnatin Ingila ba ta saba yi wa irin waɗannan gine-gine inshora ba, ita ke ɗaukar asarar da kanta idan ta auku. Kuma a dokarsu Windsor ba mallakar Sarauniya ba ce ta ƙashin kanta kamar yadda gidanta na Balmoral yake, amana ce a hannunta, ba ta da ikon sayarwa, gwamnati kuma ke ba da kuɗin kula da ginin kowace shekara. Wannan tsari ya samo asali ne tun 1760, lokacin da George na Uku ya miƙa wa gwamnati kuɗin shigar filayen sarauta, ita kuma ta ɗauki nauyin biyan sarki. Ko a 1986 da gobara ta ci wani sashe na Fadar Hampton Court, gwamnati ce ta gyara ba tare da wata hayaniya ba. Saboda haka ministan da ke kula da al'adun gargajiya, Peter Brooke, bai yi wata-wata ba ya fito ya ce gwamnati za ta biya. Ƙiyasin farko da aka riƙa ji ya kai fam miliyan 60.

Ashe ya taro wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Shekarar 1992 shekarar matsi ce a Ingila. Marasa aikin yi sun doshi miliyan uku, mutane da dama an ƙwace musu gidaje saboda sun kasa biyan bashin banki, a watan Satumba darajar fam ta faɗi, a watan Oktoba kuma gwamnati ta ba da sanarwar rufe mahaƙar kwal 31, abin da zai raba mutum dubu 30 da abincinsu. Ga shi kuma gidan sarautar kansa ya sha zubar da mutunci a wannan shekara: Yarima Andrew ya rabu da matarsa, auren Gimbiya Anne ya mutu, rikicin Yarima Charles da Diana kuwa kullum yana shafin farko na jaridu. Babban abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne Sarauniya ba ta biyan harajin kuɗin shiga, alhali ana lissafa ta cikin mata mafiya arziki a duniya. Sai jaridu da 'yan majalisa na ɓangaren adawa suka yi caa. Abin da talakawa ke faɗi a taƙaice shi ne: lokacin da gidan yake tsaye nata ne, mu ko ƙofar wasu ɗakunan ba mu taɓa gani ba, yau da ya ƙone ya zama namu?

Kwana huɗu bayan gobarar, ran 24 ga Nuwamba, Sarauniya ta yi jawabi a wata liyafa da birnin Landan ya shirya mata don cikarta shekara 40 bisa gadon sarauta. Muryarta a dishe saboda mura, ta kira shekarar da wani suna na harshen Latin mai ma'anar mummunar shekara, ta kuma yarda cewa babu wata hukuma, har da sarauta, da ta fi ƙarfin a yi mata tambaya. Bayan kwana biyu, ran 26 ga wata, Firayim Minista John Major ya shaida wa majalisa cewa Sarauniya za ta fara biyan haraji daga shekarar 1993, za ta kuma riƙa mayar wa gwamnati kuɗin da ake ba yawancin 'ya'yan sarauta. Gaskiya ne an soma wannan shawara tun kafin gobarar, amma gobarar ce ta sa aka gaggauta fitar da ita.

Gidauniya da kuɗin ƙofa

Haraji ya ɗan kwantar da ƙura, amma bai gina ko bulo ɗaya ba. A watan Fabrairu 1993 aka buɗe asusu na musamman a bankin Coutts, wanda Sarauniya ke ajiya a cikinsa, domin duk mai son taimakawa ya zuba abin da ya sawwaƙa. Mai karatu zai zaci cewa ƙasa mai arziki irin Ingila, ga masu kuɗi ga masoya sarauta, kafin wata ɗaya asusun zai cika ya batse. Ina! Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Mutane ba su ga dalilin da zai sa su kai wa mai akwai sadaka ba.

Daga nan ne manyan fada, ƙarƙashin Lord Airlie wanda shi ne shugaban ma'aikatan gidan sarauta, da Michael Peat mai kula da kuɗi, suka fito da wata shawara. Ran 29 ga Afrilu 1993 aka sanar cewa za a buɗe Fadar Buckingham ta Landan ga jama'a, kowa ya biya fam 8 ya shiga ya ga manyan ɗakunan alfarma. A Windsor kuma za a riƙa karɓar fam 3 daga mai son shiga harabar fada, wadda a da kyauta ake shiga. Aka tsara cewa waɗannan kuɗin ƙofa su ne za su ɗauki kashi 70 cikin 100 na aikin, sauran kashi 30 kuma a tsame su daga kuɗin kula da gine-gine da gwamnati ta saba bayarwa duk shekara, ba tare da an nemi ƙarin ko kwabo daga masu biyan haraji ba. Ita Sarauniya ta sa fam miliyan 2 daga aljihunta.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne a wurinsu. A wancan lokaci Buckingham gidan kwanan Sarauniya ne kuma ofishinta, mai ɗakuna 775, tun zamanin Sarauniya Victoria sarakuna ke zaune a ciki, kuma in ba gayyatarka aka yi ba iyakarka bakin shinge. Shugabanninmu uku, Janar Gowon a 1973, Alhaji Shehu Shagari a 1981 da Janar Babangida a 1989, sun shiga a matsayin manyan baƙi, amma Baturen da aka haifa a bayan katangar gidan yana iya tsufa ya mutu bai ga cikinsa ba. Ka ƙaddara a ce yau wani babban sarki ya buɗe har cikin turakarsa, ya sa mai yankan tikiti a bakin zaure. To kusan haka abin ya zama a idon 'yan mazan jiya na can, wasunsu ma suka ce an mayar da sarauta kasuwa.

Ran 7 ga Agusta 1993 aka buɗe ƙofa, lokacin da Sarauniya ta tafi hutunta na shekara a Balmoral ta ƙasar Sikotlan. Wasu a bakin titi suka kwana don su riga shiga. Cikin mako takwas mutane kusan dubu 380 suka biya suka shiga, 'yan ƙasa da baƙi daga Amurka da Japan da sauran wurare. Aka kuma kafa shago a hanyar fita ana sayar da kofuna da farantai da littattafai masu tambarin fada, cinikin da aka yi a wurin har ya ba masu shirin mamaki. Mutanen da suka ƙi sa kwabo a gidauniya, su ne suka yi layi cikin rana suna miƙa fam 8 da murna. Bambancin kawai shi ne a nan sun ga abin da suka biya dominsa da idonsu. A wannan shekarar ce kuma aka kafa wata hukumar amintattu mai zaman kanta wadda ke kula da kayan tarihin sarauta da kuɗin da ake samu daga masu ziyara.

Aikin gyara

Aka kafa kwamiti biyu. Yarima Philip ya shugabanci babban kwamitin gyara, Yarima Charles, wanda shi ne Sarki a yau, ya riƙe na zane da fasali. Kafin a fara komai sai da masana kayan tarihi suka bi tarkacen nan suna tankaɗewa, duk ɗan guntun ado na filasta ko ƙarfe ko gilashi da aka tsinta a sa masa lamba a ajiye, domin da shi za a gane yadda na asali yake. Sannan aka gano cewa ruwan da aka kashe wutar da shi ya fi wutar wahalar magancewa, domin ya shige cikin katangu masu kaurin gaske, in aka yi gaggawar shafe su sai katako ya ruɓe daga ciki. Dole aka yi rufin wucin gadi, aka ɓamɓare bango, aka sa injuna suna busarwa wata da watanni.

An yi muhawara mai zafi a kan ko a mayar da komai yadda yake, ko a yi sabon abu na zamani. Aka tsaya a tsakiya. Ɗakunan da aka tsira da kayansu kuma ake da hotunansu da zanen gininsu, an mayar da su kamar yadda suke a zamanin George na Huɗu, kamfanin magina na Donald Insall ne ya jagoranci wannan. Inda wuta ta cinye ƙurmus kuwa, wato ƙaramar majami'a da rufin Zauren St George, an yi sabon fasali amma bisa salon ginin da. Wani magini mai suna Giles Downes ya zana sabon rufin zauren, masassaƙa suka haɗa shi da ɗanyen katakon wani icce mai ƙarfi da Turawa ke kira oak, irin yadda kakanninsu suke yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A jikin rufin aka sake zana tambarin kowane jarumi na ƙungiyar girmamawa da Edward na Uku ya kafa a 1348. Waɗanda aka kora daga ƙungiyar saboda cin amana ko wani laifi, an bar gurbinsu fari fat babu zane, kamar yadda yake tun da.

Akwai dabarun tsimi da suka cancanci a ambata. A babban ɗakin karɓar baƙi, daɓen ƙananan katakai ne da aka jera, wuta ta babbake samansu. Maimakon a sayo sababbi, sai aka ciro su ɗaya bayan ɗaya aka kifa su, ƙonannen gefen ya koma ƙasa, aka goge aka shafa mai. A ɗakin nan kuma akwai wata makekiyar randa ta koren dutse mai nauyin tan biyu, kyautar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya ga Sarauniya Victoria a 1839. Ba ta ɗaukuwa, saboda haka a ciki ta kwana, ta cika da ruwan zafi, ƙananan duwatsun da aka manna mata suka zube. Sai da gwanaye suka zauna suka mayar da su gutsure gutsure. Dogon kabad ɗin nan da ya ƙone, aka sassaƙa wani irinsa sak daga hotuna. Wutar ma ta tona abin da ba a sani ba: da aka ɓare silin babban ɗakin girki sai ga azarun katako na ƙarni na 14 waɗanda aka daɗe da rufewa, aka kuma buɗe wani tsohon ɗakin ƙasa mai bakan gizo da aka yayyanka da bango a zamanin baya.

A daidai wurin da wutar ta fara an gina wani zagayayyen zaure mai ginshiƙan katako takwas, aka sa allo a bango mai ɗauke da ranar gobarar da ranar gama gyara. Sabuwar ƙaramar majami'a kuma aka yi mata tagar gilashi mai launi bisa shawarar Yarima Philip, a ciki har da hoton ɗan kwana-kwana riƙe da mesa da na ma'aikaci yana fid da hoton fenti daga wuta. Wato ba su bar talakan da ya yi wahala ya ɓace daga tarihin gidan ba.

An kammala aiki a watan Nuwamba 1997, watanni kafin lokacin da aka ɗiba, a kan fam miliyan 36 da rabi, ƙasa da abin da aka yi tsammani. Sarauniya ta tara magina da kafintoci da masu fenti da sauran ma'aikata fiye da dubu ta yi musu liyafa a ɗakunan da suka gyara. Ran 20 ga Nuwamba, shekara biyar cif da gobarar, aka yi bikin cikarta shekara 50 da aure a wurin. Buɗe Buckingham da aka ce na shekara biyar ne, har yau ana yinsa duk bazarar Turai, kuɗin kuma suna tafiya wajen kula da kayan tarihi. Ita kuwa Sarauniya ta rasu ran 8 ga Satumba 2022, aka binne ta a cikin harabar wannan fada ta Windsor.

Abin da ya shafe mu

To jama'a, mu dawo gida. Mu ba mu da fadar da Amurkawa za su yi layi su biya don su gani, kuma ba wanda zai sa tikiti a ƙofar masallaci. Amma muna da abubuwan da kakanninmu suka bari tun da aka kafa wannan unguwa a 1916: tsoffin masallatai da makarantun allo, da zaurukan da aka yi shari'ar fatake a cikinsu, da Alƙur'anai rubutun hannu a cikin gafaka, da takardun filaye da hotunan sarakunanmu na da waɗanda gara da ɗigar ruwa suke ci a cikin akwatuna. Kowa kuma ya san yadda wayoyin lantarkinmu suke a cakuɗe, da yadda gidajenmu suke manne da juna. Fitila ɗaya da labule ɗaya suka jawo wa Ingila asarar fam miliyan 36. Da ba a riga an kwashe kaya ba, da kuma ba su da hoto da lissafin abin da ke kowane ɗaki, da kuɗin duniya ba su mayar da abin da ya tafi ba. Mu wa ya taɓa zama ya rubuta abin da muke da shi?

Sannan ga maganar tara kuɗi. Mun saba da taron ƙaddamar da gidauniya: a kafa rumfa, a ɗauko lasifika, a kira babban mai ƙaddamarwa, kowa ya tashi ya yi alkawarin dubu kaza a yi masa tafi, bayan wata shida ma'aji yana yawo da littafi rabin alkawarin bai shigo ba. Sai mu ce mutane sun yi rowa. Turawan Ingila ma an ce musu su kawo, suka ƙi. Ba su saki hannu ba sai da mai gidan ta fara sa nata, ta yarda a yi mata hisabi kamar kowa, ta kuma buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. In ana son mai sayar da goro da mahauci da direban tirela su ba da guminsu don gyaran zauren Sarki ko tsohon masallaci, to su fara ganin abin da masu gidan da manyan unguwa suka ajiye a faifai, tsaba ba alkawari ba. A gaya musu tun farko ginin na wane ne, kuma wa zai shiga bayan an gyara. A liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar masallaci duk wata, da sunan wanda ya ba da naira ɗari kusa da na wanda ya ba da dubu ɗari. Wanda ya ga inda kwabonsa ya shiga, gobe ba sai an bi shi gida ba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a fara da naɗa matasa biyu ko uku masu ilimi su bi gidajen dattawa, da izininsu, su rubuta tsoffin littattafai da takardu da hotunan da ke akwai, su ɗauki hotonsu a ajiye a wuri biyu. Wannan ba ya bukatar gidauniya, littafi da biro da waya kawai yake so.

Allah ya tsare mu daga gobara, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.